Gani Ya Kori Ji? Neman Alama da Riƙon Annabci a Ikilisiyoyin Karkarar Kano

Alama iri biyu ce a cikin Littafi Mai Tsarki. Akwai wadda Allah yake bayarwa bisa ga nufinsa domin ya ƙarfafa zuciyar wanda ya riga ya karɓi maganarsa, akwai kuma wadda mutum yake gindaya wa Allah a matsayin sharaɗi, wai sai ya gani da idonsa kafin ya gaskata. Yawancin gardamar da Kirista suke yi a kan annabci da mu'ujizai da alamun ƙarshen zamani daga cuɗa waɗannan biyun take tasowa. A da, maganar ba ta wuce makarantun tauhidi da manyan majami'un birni ba. Yanzu wayar hannu ta kai ta har ƙananan ikilisiyoyin Hausawa da ke warwatse a karkarar Kano, irin ƙasar Tsanyawa da Bichi da Karaye da Rogo, inda saurayi zai fito daga sujada ya zauna a gindin darbejiya yana kallon wani mai wa'azi na Legas ko na Amurka yana yanke ranar da kaza zai faru.

Manomin Tsanyawa ba baƙon karanta alama ba ne. Idan zafin bazara ya tsananta, iska ta juyo daga kudu, shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan bishiyoyin gari, gawo kuma ya soma kaɗe ganye alhali sauran itatuwa suna toho, ya san damina ta ƙarato. Idan hadari ya haɗo daga gabas, ba ya bukatar kowa ya ce masa ya kwashe shanya. Da irin wannan sanin ne Yesu ya kama masu tambayarsa. A sura ta 16 ta Matiyu, Farisiyawa da Sadukiyawa sun nemi ya nuna musu alama daga sama, sai ya tuna musu cewa sun iya duban jan sararin magariba da na safiya su faɗi yadda gari zai kasance, amma abin da ke faruwa a gabansu ya gagare su ganewa. Luka ya kawo irin wannan magana a sura ta 12, sai dai a can gajimaren ruwa daga yamma yake tasowa, domin ƙasar Falasɗinu daga Bahar Rum take samun ruwanta. Da a Kano aka yi zancen, da gabas za a ambata.

Abin lura shi ne lokacin da suka yi roƙon. A tsarin Markus, sura ta 8, bai daɗe da ciyar da mutum dubu huɗu da gurasa bakwai ba suka zo masa da wannan bukata. Wato ba ƙarancin alama ke damunsu ba. Sun ga makafi suna gani, sun ga kutare sun tsarkaka, amma suna son wata alamar da su za su zaɓa, a lokacin da suka ga dama, domin su zama alƙalai shi kuma ya zama wanda ake tuhuma. Shi ya sa marubutan Linjila suka kira roƙon gwaji. Amsar da suka samu ita ce alamar Yunusa, wadda Matiyu ya fassara da kwana ukun da annabin ya yi a cikin kifi, misalin mutuwar Almasihu da tashinsa bisa ga bangaskiyar Kirista. Akwai wani ɓangaren labarin Yunusa da ake yawan tsallakewa: mutanen Nineba ba su ga ya yi wata mu'ujiza a titunan birninsu ba. Wa'azi kawai suka ji daga bakin baƙo, suka tuba tun daga sarki har talaka.

Duk da haka kuskure ne a ce Littafi Mai Tsarki ya haramta neman tabbaci. Gidiyon ya shimfiɗa ulu a masussuka dare biyu a jere, daren farko ya roƙi raɓa ta jiƙa ulun ƙasa ta bushe, dare na biyu ya roƙi akasin haka, kuma ba a tsauta masa ba. Sarki Hezekiya yana kwance ba lafiya aka mayar masa da inuwa baya taki goma. Sarki Ahaz kuwa, a sura ta 7 ta Ishaya, shi aka ce ya roƙi alama ya ƙi, yana fakewa da tsoron Allah, alhali ya riga ya ƙulla a ransa zai nemi taimakon Assuriya. Ƙin da ya yi aka ɗora masa a matsayin laifi. A sura ta farko ta Luka, Zakariya da Maryamu sun yi wa mala'ika tambayoyi masu kama da juna. Zakariya ya bebance har aka haifi ɗansa, Maryamu kuwa aka yi mata bayani, aka kuma nuna mata cikin Alisabatu ba tare da ta nema ba. Bambancin yana cikin zuciyar mai tambaya. Wani yana tambaya ne domin yana shirin yin biyayya ƙafarsa na rawa, wani kuma domin ya sami hujjar ƙin tashi.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a kasuwa gaskiya ce tsantsa: babu mai sayen sa a kasuwar Bichi bai duba haƙoransa ba. Toma a kan wannan ƙa'ida ya tsaya lokacin da 'yan'uwansa almajirai suka ce masa sun ga Ubangiji. Ya ce sai ya taɓa gurbin ƙusoshin. Bayan mako guda aka biya masa bukatarsa, ba a kore shi ba, amma albarkar da aka furta a wurin ta tafi ga waɗanda za su gaskata ba tare da sun gani ba. A nan koyarwar Kirista ta rabu da karin maganar. Bulus ya ce bangaskiya ta wurin ji take zuwa, kuma duk Kiristan da ke raye yau, daga Roma har Tsanyawa, ɗan ji ne.

Dalilin da ya sa aka fifita ji a kan gani a fili yake. Na farko, alama ba ta haifar da bangaskiya mai ɗorewa. Mutanen da suka ratsa teku da ƙafa, suka ci manna kowace safiya, su ne suka ƙera ɗan maraƙin zinariya kafin Musa ya sauko daga dutse. A misalin attajiri da Li'azaru, attajirin ya roƙi a aika wani daga lahira ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, aka ce masa wanda bai saurari Musa da annabawa ba, ko matacce ya tashi ba zai rinjaye shi ba. Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, alama ba ta Allah kaɗai ba ce. Bokayen Fir'auna su ma sun mayar da sanduna macizai. Sura ta 13 ta Maimaitawar Shari'a ta yi hasashen annabin da alamarsa za ta cika sarai, amma ta ce kada a bi shi idan yana jan mutane zuwa ga wasu alloli. Yesu kansa, a sura ta 24 ta Matiyu, ya lissafa manyan alamu da al'ajabai cikin kayan aikin annabawan ƙarya. Wanda ya gina bangaskiyarsa a kan abin mamaki ya miƙa linzaminsa ga duk wanda ya fi iya ba da mamaki.

Ƙasar Kano tana da nata labarin a kan wannan batu, kuma ya fi kusa da gida fiye da duk misalan da ake ɗaukowa daga ƙetare. A tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim wanda nazarinsa ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da sauran malaman birni ba su yarda da shi ba. Ya tara almajirai, aka kira su Isawa. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauchi. Ba su da Linjila a hannu, ba su taɓa ganin mai bishara ba. Abin da suka riƙe, kamar yadda zuriyarsu ke bayarwa, magana ce da aka bar musu cewa wata rana wasu za su zo da littafin da zai ƙara musu sanin Isa.

Kusan shekara arba'in da biyar suka yi da wannan magana. Waɗanda suka ji ta daga bakin malamin suka tsufa suka mutu, 'ya'ya suka gada. A cikin waɗannan shekaru aka yi yaƙin basasar Kano, Turawa suka ci birnin a 1903, jama'a masu yawa suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas suna ganin ƙarshen zamani ne ya zo. A 1900 ma tawagar Bishop Tugwell, da Likita Walter Miller a cikinta, ta iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa suka sadu da Miller a Zariya, inda ya zauna tun 1905. Ba dukan Isawa suka zama Kirista ba, da yawa sun ci gaba da zamansu a cikin Musulunci. Waɗanda suka karɓi bishara aka tara su a wani sabon ƙauye mai suna Gimi a ƙasar Zazzau, suka yi gonaki da makaranta da majami'a.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya afka wa Gimi, ya kashe mutane da yawa, har dole aka tashi daga ƙauyen. Mai auna gaskiya da alama zai ce hukunci ne ya sauka, ya tattara ya koma inda ya fito. Waɗanda suka tsira ba su yi haka ba. Sun koma Zariya, daga baya suka shiga cikin jama'ar da ta kafa Wusasa a 1929, garin da ya fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Littafin da kakanni suka jira ya zo, amma ta hanyar da ta bi ta kan kaburburan Gimi, ba ta hanyar da kowa zai zana wa kansa ba.

Kiristan karkarar arewacin Kano yawancinsu ba daga Isawa suka fito ba, jikokin Maguzawa ne da bishara ta iske ta hannun mishan ɗin SIM daga shekarun 1930, wadda ikilisiyoyinta suka zama ECWA a 1954, da kuma Angilikan da Katolika da sauransu. Wannan asali yana da nasa tasirin. A gidan Bamaguje na da, ba a ɗaga tafiya ko aure ko saran sabuwar gona sai an duba. Idan yaro ya kwanta, boka ne zai faɗi wanda ya yi jifan, 'yan bori su faɗi iskan da aka ɓata wa rai, a yanka jan zakara ko baƙin akuya. Dattawan da suka bar wannan sun san abin da suka bari, wasunsu da hannunsu suka ƙone layu da guraye. Haɗarin yau shi ne tsohuwar ƙishirwar ta dawo da sabuwar riga. Mai wa'azin da ke kallon fuskar mace ya ce an nuna masa kishiyar uwarta ce ta ɗaure mata mahaifa, sa'an nan ya miƙa mata kwalbar mai ya karɓi kuɗi, aikin ɗan duba yake yi ko da Littafi Mai Tsarki na hammatarsa. Irin wannan wahayin yana raba zumunci a ƙauyen da kowa ɗan'uwan kowa ne.

Ɗaya fuskar neman alama ita ce lissafin ranar ƙarshe, kuma tarihinsa tarihin kunya ne. William Miller na Amurka, wanda ba shi da dangantaka da likitan Zariya, ya lissafa daga littafin Daniyel, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Wasu suka bar amfanin gona a tsaye ba su girbe ba, gari ya waye kamar kullum. Bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948 wasu marubuta suka ƙara shekara arba'in suka nuna 1988. Mai wa'azi Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zuba dukiyarsu a tallan ranar. Tun ƙarni na biyar Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya gargaɗi masu irin wannan ƙidaya, yana dogara da sura ta farko ta Ayyukan Manzanni inda aka ce wa almajirai sanin lokatai ba nasu ba ne. Surar Matiyu ta 24, wadda masu lissafi suka fi so, ita ce kuma ta ce yaƙi da yunwa da girgizar ƙasa mafarin naƙuda ne kawai, ranar kuwa ko mala'iku ba su san ta ba.

Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi husufi, duhu ya rufe Katsina da Gusau da hantsi, kaji suka nufi akurki. Masana taurari sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, domin tafiyar wata ce tsakanin rana da duniya. Abin da za a iya lissafa shi da alƙalami tun kafin a haifi mai kallonsa ba zai zama saƙon gaggawa ba. Haka a 2020, lokacin korona, aka cika wayoyi da cewa rigakafi da na'urar sadarwa ta 5G su ne lambar dabbar nan ta Wahayin Yahaya, har hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Birtaniya ta hukunta tashar Loveworld ta Fasto Chris Oyakhilome a kan irin waɗannan maganganu. Illar ba a Landan ta tsaya ba. Duk uwar da ta ɓoye ɗanta daga allurar ƙyanda saboda tsoron lamba, ita da ɗan ne suka biya kuɗin wa'azin.

Kano ta ɗanɗana wani ɓangaren illar tallan alamu a watan Oktoba 1991, lokacin da aka shirya taron Reinhard Bonnke, mai wa'azi Bajamushe da ya yi suna da tallan warkarwa. Aka cika gari da sanarwa, Musulmi suka yi zanga-zanga, cikin ƙorafinsu har da cewa an hana malamin Musulunci Ahmed Deedat irin wannan dama, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma, rayuka da dukiya masu yawa suka salwanta, taron bai yiwu ba. Babu abin da zai halatta jinin da aka zubar. Amma tambaya ta rage wa ikilisiya: baƙon ya hau jirgi ya tafi, Bahaushe Kirista kuwa ya ci gaba da cin kasuwa ɗaya da shan rijiya ɗaya da ɗan'uwansa Musulmi, kuma abin da maƙwabcin yake aunawa shi ne ko yana biyan bashi, ko mudunsa cikakke ne, ko yana zuwa gaisuwar mutuwa.

Littafi Mai Tsarki bai bar jama'a ba ma'auni ba. Sura ta 18 ta Maimaitawar Shari'a ta ce wanda ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba, kada a ji tsoronsa. A zamanin Irmiya, Hananiya ya karya karkiyar da ke wuyan annabin a gaban jama'a, ya ce cikin shekara biyu za a dawo daga Babila. Maganarsa ta fi daɗin ji, kuma ta zo da abin kallo. Irmiya ya ce shekara saba'in ne, Hananiya ya mutu bayan wata biyu, bauta ta ci gaba. A Najeriya kuwa kowane ƙarshen Disamba ana fitar da jerin annabce-annabce a kan zaɓe da mutuwar manya, ba mai komawa ya duba. T. B. Joshua ya ce an nuna masa mace ce za ta ci zaɓen Amurka na 2016, Donald Trump ya ci, jama'a suka ci gaba da zuwa majami'arsa ta Ikotun. Laifin a nan na masu sauraro ne daidai da na mai faɗa.

Ba daidai ba ne kuma a yi wa mai neman alama kallon raini. Mutumin da taki ya fi ƙarfin aljihunsa, matarsa na naƙuda asibiti ya yi nisa, ga labarin 'yan bindiga na tsallakowa daga iyakar Katsina, idan ya ce yana son ya ga hannun Allah ba Bafarisiye ba ne. Yahaya Maibaftisma ma daga kurkuku ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, kuma ba a amsa masa da faɗa ba, an tuna masa da abin da Ishaya ya faɗa da abin da ake gani yana cika. Ikilisiya ba ta taɓa daina yi wa marar lafiya addu'a ba, bai kuma kamata ta daina ba. Sai dai masu bisharar da suka fara shiga ƙasar Kano da addu'a da magani suka shigo tare, shaida ita ce asibitin kutare na Yadakunya da asibitin ido na ECWA da ke Kano, inda dubban mutane, Musulmi da Kirista, suka sami ganinsu ta hannun likita.

To mene ne amfanin annabci idan ba kalanda ba ne? Irmiya ya amsa da aiki. Ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar garin da suke. Shi kansa, sojojin Babila na kewaye da Urushalima yana tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel goma sha bakwai na azurfa, ya sa aka adana takardar cinikin a tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Da wasu a Tasalonika suka ajiye sana'a suna jiran ranar Ubangiji, Bulus ya umarce su su koma aiki su ci guminsu. Yakubu kuwa, a wasiƙarsa, da manomi ya ba masu jira misali.

Misalin ya zauna daram a Tsanyawa, inda ake yin binne. Kafin ruwa ya sauka, ƙasa na ƙuna, magidanci zai ɗauki sungumi ya bi kunya yana sara, yara na biye da ƙoƙon iri suna jefa gero suna rufewa da diddige. Irin nan daga rumbu aka ɗebo shi a lokacin da tuwon dare ya fara wuya. Babu gajimare ko ɗaya a sama. Abin da ya dogara da shi shi ne damina ba ta taɓa ƙin zuwa gaba ɗaya ba, ko da ta makara. Ya kuma san haɗarin yayyafin farko, wanda ke tsirar da iri sa'an nan ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Shi ya sa mai hankali yake tona ƙasa da yatsa ya ga inda laima ta kai kafin ya kira shi ruwan shuka. Haƙurin binne da tonon laima, su biyun ake nema ga mai karanta annabci.

Nauyin yana kan fastoci da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata. Duk baƙon mai wa'azin da ya tsaya a bagade ya ce an nuna masa abu kaza zai faru, a rubuta maganarsa da kwanan wata a littafin ikilisiya, a karanta ta a gaban jama'a idan lokacin ya cika. Wanda maganarsa ta faɗi ƙasa kada a sake ba shi bagade sai ya amsa kuskurensa a inda ya yi shi. Kada a karɓi ko sisi a kan addu'a ko mai ko ruwa. A kuma mayar da ƙarfi ga ajin karatu na manya, domin macen da ta iya buɗe sura ta 24 ta Matiyu da Hausa ta karanta ta daga farko har ƙarshe, da wuya wani ya sayar mata da ranar tashin duniya.